Gicciye a ofishin gwamnati da ajin 'yan firamare a Jamus, dan Allah doka ce ko mene ne?

Maman_Hanan:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Turai ina da tambaya. Ban jima da zuwa Jamus ba, maigida muka biyo yana aiki a jihar Bayern, wajen Augsburg muke. Ni dai abin da nake ji tun muna gida shi ne Turawa sun raba addini da gwamnati, coci daban ofis daban, to rannan na raka shi ofishin haraji muna shiga sai ga gicciye na katako a bango daidai ƙofar shiga, ba a lungu ba, duk wanda ya shigo sai ya gani. Nace ƙila wani ma'aikaci ne ya zo da abinsa. Sai kuma ranar taron iyaye a makarantar Hanan, aji ɗaya take, nan ma ga shi can sama da ƙofar aji, shi wannan ma har da siffar mutum a jiki.

Maƙwabciyata 'yar Turkiyya tace min wai saboda mu baƙi aka rataye su, don a nuna mana nan ba gidanmu ba ne. Shi kuma maigida cewa yayi in share kawai ba ruwana. Ni kuma abin ya tsaya min a rai, ba wai ina da matsala da addinin kowa ba, maƙwabtanmu a Kaduna Kiristoci ne tare muka tashi, so nake dai in gane. Doka ce ko al'ada? Kuma da gaske ne maganar matar nan? Sannan ya dace in yi wa malamar ajin magana ko in ja bakina in yi shiru? Dan Allah banda zagin addinin wani, bayani nake nema.

Sabo_Munich:

Wa alaikumus salam Maman Hanan, sannu da zuwa, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Ni na daɗe a nan jihar, gaban idona aka yi wannan rigimar. Abu biyu ne kika gani kuma tarihinsu ba ɗaya ba ne.

Na ofis ɗin doka ce kuma sabuwa ce. A watan Afrilun 2018 gwamnatin Bayern ƙarƙashin Markus Söder, lokacin ko wata biyu bai yi a kan kujera ba, ta yanke cewa daga 1 ga Yuni kowace ma'aikata ta jiha sai ta rataye gicciye a mashigarta inda za a gani. Shi da kansa ya ɗauki gicciye ya rataye a fadar gwamnati a nan Munich, 'yan jarida na ta ɗaukar hoto. Ki lura ofisoshin jiha ne kawai, kamar haraji da 'yan sanda da kotuna, na tarayya ba su ciki, ƙananan hukumomi kuma shawara aka ba su ba tilas ba, shi yasa za ki shiga wani ofishin ki gani ki shiga wani babu.

To me ya kawo haka a daidai lokacin? Zaɓe mana. A 2015 masu neman mafaka kusan 890,000 suka shigo Jamus, yawancinsu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi, kuma ta iyakar Bayern da Ostiriya mafi yawa suka shigo, tashar jirgin ƙasa ta Munich ta cika maƙil da mutane. Daga nan jam'iyyar AfD ta masu ƙyamar baƙi ta samu abin kamfen, a 2017 ta shiga majalisar tarayya da kashi 12.6. Ita kuwa CSU mai mulkin Bayern, wadda tun 1957 ba a taɓa karɓe kujerar shugaban jihar daga hannunta ba, ta ga ana yagar mata magoya baya ga zaɓen jiha na zuwa a Oktoban 2018. A watan Maris na shekarar shugaban jam'iyyar Horst Seehofer ya fito yace Musulunci ba ɓangaren Jamus ba ne, wata guda bayan nan sai ga dokar gicciye. Kinga kenan maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ni a ganina ba da ke ake magana ba, da tsohon ƙauyen da ke shirin dangwala wa AfD ake, ana ce masa kar ka tafi mu ma muna kare maka gida. Kuma dabarar ba ta yi aiki ba, CSU ta faɗo daga kashi 47.7 zuwa 37.2, AfD ta shiga majalisar jiha da 10.2, wasu kuma suka gudu wajen jam'iyyar masu kare muhalli.

An kai ƙara, kuma ba Musulmi ne suka kai ba, wata ƙungiya ce ta waɗanda ba su bin kowane addini. Aka yi ta jan shari'a har Disambar 2023 babbar kotun harkokin mulki da ke Leipzig tace gicciyen ya zauna.

Na aji kuma tsohon zance ne tun kafin zuwan su Siriya. A 1995 kotun tsarin mulki ta Karlsruhe ta soke dokar Bayern da ta wajabta gicciye a kowane aji, nan ma iyayen da suka kai ƙarar Jamusawa ne. Gari ya ɗau zafi, dubban mutane suka fito zanga-zanga a Munich har da bishop-bishop da manyan gwamnati. Sai jihar ta yi wayo ta sake rubuta doka, tace za a ci gaba da ratayewa a firamare amma in iyaye suka yi ƙorafi da dalili na imani shugaban makaranta zai nemi sulhu, in ya gagara a sauke. Haka abin yake har yau.

Sannan ki cire wannan tunanin na cewa Turai duk ɗaya ce. Faransa ce ta raba coci da gwamnati tun 1905. Nan Jamus babu addinin gwamnati a rubuce amma tafiya suke tare, gwamnati ce ma take cire wa coci haraji daga albashin mabiyanta, a Bayern kashi 8 na harajin da mutum ke biya, ana koyar da addini a makarantun gwamnati, ranar Lahadi ko shagon cefane ba za ki samu a buɗe ba sai na tasha ko gidan mai. Ki fita ƙauye ki gani, bakin gona gicciye, kan dutse gicciye.

Bitrus_Wusasa:

Yaya Sabo ya gama bayanin doka, ni bari in faɗi ta ɓangarenmu don ni Kirista ne, Bahaushe ɗan Wusasa, ina karatu a Köln. 'Yar uwa wallahi da yawanmu wannan dokar haushi ta ba mu. Kin san me Söder ya faɗa lokacin da zai kare kansa? Cewa yayi gicciye ba alamar wani addini ba ce, alama ce ta tarihi da al'adar Bayern. Haba! Abin da mu muka gaskata a kansa Yesu Almasihu ya sha azaba ya mutu domin mutane duka, baƙi da fari, ɗan gari da baƙo, shi ne za a mayar kamar tutar jiha don a tsallake kotu. Daga baya ya ɗan gyara maganar amma ai an riga an ji. Kadinal Reinhard Marx na Munich, wanda a lokacin shi ne shugaban bishop-bishop na Katolika a Jamus gaba ɗaya, ya fito yace dokar rarrabuwa da tashin hankali ta jawo, kuma wanda ya ɗauki gicciye a matsayin kayan al'ada kawai bai fahimce shi ba. Ki duba fa, babban limamin coci ne ke cewa gwamnati ta sakar musu gicciyensu.

Kuma ba a kan Söder aka fara ba. Ƙarshen 2014 aka fara zanga-zangar PEGIDA a Dresden duk ranar Litinin, wai suna kare ƙasashen Kirista daga mamayar Musulunci, wasunsu ɗauke da gicciye an shafa masa fenti kalar tutar Jamus. Alhali yankin nasu na tsohuwar Jamus ta Gabas yana cikin wuraren da aka fi rashin bin addini a duk Turai, mafi yawansu ko baftisma ba a yi musu ba. Da suka ce za su yi irinta a nan Köln a Janairun 2015, hukumar babbar majami'ar garin kashe fitilun ginin ta yi ɗif, tace ba za a yi hoton ƙiyayya da hasken cocinta ba. A 2016 kuma kadinal ɗin garin ya sa aka kawo wani jirgin ruwa na katako da aka ceto 'yan gudun hijira a cikinsa, aka ajiye a filin gaban cocin, a kansa ya jagoranci ibadar coci.

Abin da ke ƙona min rai shi ne bango ana ta cika shi da gicciye benci kuma babu kowa. A 2022 kaɗai mutum sama da 500,000 suka je suka cire sunansu daga cocin Katolika a ƙasar nan, yanzu in ka haɗa Katolika da Furotesta ba su kai rabin jama'a ba. Cocin da nake zuwa ranar Lahadi in ka cire tsofaffi, sauran mu ne, 'yan Najeriya da Gana da Iritiriya da Indiya da Folan, limamin ma da yawa daga Afirka ko Indiya ake kawo su. Kenan waɗanda ake cewa za a kare Kiristanci daga zuwansu, cikinsu akwai masu riƙe da cocin. Ni baƙar fata ne, in ina tafiya a titi mai ƙyamar baƙi ba ya tsayawa tambayata ko sunana Bitrus ko Bashir.

Sani_Damagaram:

Salamu alaikum. Ni a Italiya nike, ta Agadas da Libiya na biyo, ta ruwa na shigo, to abin nan na gan shi ido da ido ba labari ba. Hajiya nan abin ya fi na wurinku tsufa, gicciye a aji da kotu tun dokokin zamanin Mussolini ne, na aji 1924 da 1928, na kotu 1926, kuma ko da aka daina kiran Katolika addinin ƙasa a 1984 ba wanda ya sauke su. Wata mata 'yar asalin Finlan mai suna Soile Lautsi, da ke aure a nan, ta kai ƙara kan lakwal ɗin 'ya'yanta har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a Strasbourg. 2009 aka ba ta gaskiya, ƙasa ta rikice, Italiya ta ɗaukaka ƙara, su Rasha da Girka da Romaniya suka mara mata baya, 2011 alƙalai 15 cikin 17 suka juya hukunci suka ce gicciye a bango ba ya koyar da kowa komai, a bar shi. Ita ma matar ba Musulma ba ce. Musulmi guda da ya taɓa tada irin wannan a 2003, wani Adel Smith, ƙungiyoyin Musulmin ƙasar da yawa cewa suka yi ba da yawunsu ba.

Wanda ya maida abin kasuwa shi ne Matteo Salvini na jam'iyyar Lega. A kamfen ɗin 2018 a filin babbar cocin Milan ya ɗaga carbin Katolika da Linjila yana rantsuwa, 2019 ya sake fito da carbin yana sumbata gaban jama'a. Shi ɗin nan da ya zama ministan cikin gida a watan Yunin 2018, cikin kwanakin farko ya hana jirgin ceto na Aquarius tsayawa da mutum 629 a ciki har da yara da mata masu ciki, suka yi ta yawo kan teku sai Sifaniya ce ta karɓe su a Valencia. Kuma ya kawo dokar da ta soke takardar zama ta jinƙai, wadda da ita mafi yawan yaranmu na Afirka ta Yamma ke samun tsayawa, na san mutane da dama da suka koma kwana a tashar jirgi da gonakin tumatir saboda wannan. A shekarar dai 'yan jam'iyyarsa suka kai ƙudiri majalisa wai a wajabta gicciye har a tashoshin jiragen ruwa. Tashar da kuka rufe? Abin dariya abin takaici. Kuma tsofaffin nan za su ba ka labari cewa Lega ɗin da can baya ba ta da wani shiri da coci, ruwan kogin Po shugabansu ke ɗiba a kwalba suna biki, har jaridarsu ta taɓa yi wa kadinal ɗin Milan ba'a wai shi kadinal ne ko limamin masallaci don ya kare baƙi.

Amma ni ba zan iya zagin gicciye ba, kuma ga dalili. Sanda na fito daga sansani ba ni da kowa, wurin da na ci abinci na coci ne, ɗaki mai dogon tebur da kujerun roba, gicciye na sama da tagar da ake miƙo faranti. Wata sista tsohuwa mai ɗan ɗingishi ita ke rabo, in ranar akwai alade sai ta ɗaga hannu tace mu Musulmi mu tsaya, ta fito muna da kifin gwangwani da taliya. Da azumi ya zo ita ta riƙa ƙulle muna namu a leda mu tafi da shi sai magariba. Ba ta taɓa ce min zo coci ba.

Paparoma Francis tafiyarsa ta farko wajen Rum tsibirin Lampedusa na nan Italiya ya je, Yulin 2013, ya jefa furanni a teku don waɗanda suka nitse. Wata uku bayan nan jirgi ya kife dab da tsibirin mutum sama da 360 suka rasu, yawancinsu 'yan Iritiriya. Akwai wani kafinta a garin da yake tsinto katakon jiragen da suka fashe yana yin gicciye da su, da fentin jirgin da ƙusoshin da komai, ɗaya na gidan tarihi na Landan yanzu. 2016 Paparoman ya ɗauko 'yan Siriya 12 Musulmi daga tsibirin Lesbos na Girka a cikin jirginsa. To kinga duka biyun gicciye ne a hannunsu, shi da Salvini. Ni dai wanda ke riƙe da shi nike kallo.

Abu_Khalil_KN:

Ni fa jama'a ban ga abin tada jijiyar wuya ba a nan. Ƙasarsu ce, kakanninsu ne suka gina ta kan wannan addinin shekara sama da dubu, mu muka je muka same su. Laifi tudu ne. Mu nan gida fa? Rubutun ajami da ke jikin naira, duk lokacin da wani daga kudu yace alamar Musulunci ce a cire, me muke cewa? Cewa muke ba addini ba ne, tarihi ne, al'adarmu ce. Da aka cire shi daga ƙananan takardun kuɗi a 2007 da kuma naira ɗari ta 2014 ai kun ga yadda ranmu ya ɓaci. To maganar Söder ce sak, sai dai mu in mun faɗa daidai ne, in shi ya faɗa siyasa ce. Sashe na 10 na tsarin mulkinmu ya hana gwamnati ɗaukar wani addini, amma da addu'a ake buɗe kowane taron gwamnati, ga hukumar alhazai ga ta masu zuwa Urushalima. Bitrus kai ma ka san ƙorafin da mutanenku ke yi kan samun filin gina coci a wasu garuruwanmu, sai mu fara gyara wannan kafin mu je muna koya wa Bajamushe adalci.

Kuma ni in za a bani zaɓi, gara ƙasar da ta san akwai Allah ta rataye alamarta, da irin Faransa da ta share komai sannan ta juyo kan 'ya'yanmu mata, 2004 ta hana ɗankwali a makaranta, 2010 niƙabi, 2023 har abaya. Wanda ke girmama nasa addinin shi ne zai fahimci me yasa kake son fita sallar Juma'a. Hajiya ki koya wa 'yarki addininta a gida, katako a bango ba zai canza mata aƙida ba. Maigidanki ya yi gaskiya.

Barista_Rabi:

Malam Abu Khalil maganarka ta naira ta shige ni kuma gaskiya ce, masu rinjaye a ko'ina nasu sunansa al'ada, na 'yan tsiraru shi ne addini. Amma inda na rabu da kai shi ne da kace wanda ya rataye nasa zai ƙyale ka da naka. Ina ma haka ne. Duba ita Bayern ɗin, a shekarar 2018 ɗin dai ta kafa dokar hana alƙalai da masu gabatar da ƙara saka alamar addini a zaman kotu, wanda kowa ya san ɗankwali ake nufi, aka kai ƙara cewa to ai ga gicciye a bangon kotun, 2019 kotun tsarin mulkin jihar tace ba ɗaya ba ne, na bango shawarar hukuma ce, na kai kuma na mutum ne. Kenan matar da ta yi karatun lauya ta ci jarrabawa ba za ta zauna da mayafinta ba a ƙarƙashin gicciyen da aka ce bai dami kowa ba.

Ita kanta kotun Strasbourg da Malam Sani ya ambata, shekara goma kafin hukuncin Lautsi, a 2001, ta goyi bayan Suwizalan da ta hana wata malamar firamare da ta musulunta koyarwa da ɗankwali, tace alama ce mai ƙarfi da za ta iya tasiri kan ƙananan yara. Yadi a kan mace yana tasiri, gicciye a gaban allo ba ya yi. Ni lauya ce amma har yau na kasa haɗa waɗannan biyun su zauna. Suwizalan ɗin ce kuma a 2009 ta yi ƙuri'ar raba gardama kashi 57.5 suka hana gina hasumiyar masallaci, a lokacin guda 4 ne kacal a duk ƙasar.

Ni a Kanada nake, Montreal, nan mun ga ɗaya fuskar. A majalisar dokokin lardinmu na Quebec a da akwai gicciye saman kujerar kakakin majalisa tun 1936. A 2008 wani kwamiti da gwamnati ta kafa kan zaman tare da baƙi ya ba da shawarar a sauke shi, ranar da rahoton ya fito 'yan majalisa gaba ɗayansu suka kaɗa ƙuri'a cewa yana nan, kayan tarihi ne. Sai 2019 da suka zo kafa doka ta 21 mai hana malaman makaranta da 'yan sanda da wasu ma'aikata saka alamar addini, suka ga abin zai yi musu kunya, sai suka sauke gicciyen a watan Yuli. To wa ya ci riba? Gicciye ya koma wani ɓangaren ginin ana nuna wa masu yawon buɗe ido, ita kuwa mai hijabi da mai bin addinin Sikh mai rawani da Bayahude mai 'yar hula an rufe musu ƙofar aiki. Shi yasa ni ba na cikin masu cewa a sauke, don na ga inda aka sauke kuma ba mu tsira ba. Faransa ma da kake gani, 2016 babbar kotunsu ta harkokin mulki ta yarda a ajiye siffar haihuwar Annabi Isa a ginin gwamnati lokacin Kirsimeti in dai da sunan al'ada ko biki ne, kuma a yankin Alsace da Moselle har gobe gwamnati ce ke biyan albashin fada da fasto da malamin Yahudawa, banda liman.

Abin da zan nema in ni ce a Jamus shi ne ma'auni ɗaya. Kuma a yi adalci, kotun Karlsruhe ta yi wani abu a kai, a 2015 tace ba za a hana malamai mata ɗankwali a dunƙule ba, ta kuma soke wani sashe na dokar wata jiha da ya fifita alamomin Kirista kan na sauran.

Maman_Hanan:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Malam Bitrus na gode da ka yi magana don ban taɓa zaton akwai Kiristocin da abin bai yi wa daɗi ba. Yaya Sabo saura tambayata ta ƙarshe, maganar malamar ajin. An kuma ba mu wata takarda wai mu zaɓi darasin addini, ban cike ba tukunna.

Sabo_Munich:

Takardar nan ta fi gicciyen muhimmanci, kar ki bari ranar mayarwa ta wuce. Ba wanda zai tilasta wa Hanan shiga darasin Katolika ko na Furotesta. Wanda ba ya cikinsu ana saka shi a darasin ɗa'a da suke kira Ethik, sannan tun shekarar karatu ta 2021 Bayern ta mayar da darasin Musulunci cikin waɗanda ake iya zaɓa, da Jamusanci ake yi kuma malaman gwamnati ne ke koyarwa, sai dai ba kowace makaranta ke da shi ba saboda ƙarancin malamai, sai ki tambaya a ofishin makarantar, in babu ki tambaya ko akwai wata kusa da ake haɗa yara. Ki sani kuma ilimi ne game da addinin, ba zai maye mata gurbin Islamiyya ba, wannan sai ku nema a masallaci ranar Asabar ko Lahadi.

Batun saukewa kuwa haƙƙinki ne a doka, rubutawa ake yi zuwa ga shugaban makaranta ba malamar aji ba, don ita ba ta da ikon taɓa shi. Amma in garinku ƙarami ne ki sa a ranki ko ba a faɗi suna ba za a gane waye, kuma yarinyar ce za ta zauna cikin yaran kullum. Ni nawa uku suka yi firamare a nan ban taɓa rubutawa ba, abin da na tsaya a kai shi ne abincin rana banda alade, da hutun ranar sallah wanda dokar jiha ta ba yaran Musulmi, da kuma taron coci da suke yi farkon shekara da ƙarshenta, wannan ba dole ba ne, ki sanar da su da wuri za su ajiye ta a aji da wani malami.